Bayan likita ya ce a kai ta gida

Gidanmu na Aboabo gidan haya ne irin na da: ɗakuna goma sha biyu suna kallon tsakar gida ɗaya, famfo ɗaya, bayi biyu. A irin wannan gida ko tari ba ya ɓoyuwa, balle kuka. Shi ya sa Gwaggo, yayar mahaifina, ta koyi cusa bakin zaninta a baki idan dare ya raba, don kada ta tashi 'yan haya masu fita kasuwar Kejetia tun kafin assalatu. Bango ɗaya ya raba ɗakina da nata. Abin da nake ji wani nishi ne ƙasa-ƙasa, irin na mai naƙudar fari da ke jin kunyar surukai. Gari na wayewa masu dubiya su cika ɗakin. "Hajiya, ya jiki?" Ta ce, "Da sauƙi, alhamdu lillahi." Su ce, "Sai haƙuri, kankarar zunubi ce." Ta ce, "Haka ne." Su ajiye lemo da gwangwanin Milo, su tura 'yan sidi ƙarƙashin matashi, su fita suna yaba ƙarfin imaninta.

Sati bakwai muka yi a haka. Abin da ke ci mini rai har yau shi ne, duk tsawon wannan lokaci maganin wannan zafi yana nan cikin garin Kumasi, kuɗin motar zuwa wurinsa bai kai na kwanon waakye biyu ba.

Gwaggo ta shekara talatin tana sayar da koko da ƙosai a bakin titi. Ta ji ƙululu a nono, ta yi shiru fiye da shekara, kamar yadda matanmu da yawa suke yi. Aka bi ta kan man shafawa, aka bi ta kan rubutu, aka bi ta kan wani mai maganin gargajiya da ke cika rediyo da alkawari. Ranar da aka je asibiti aka ce ciwon daji ne, wurin ya riga ya fashe, kuma ciwon ya kai ƙashi. An yi mata kemo, wato maganin kashe ciwon daji, ta rame, gashin kanta ya zube, abin ya ɗan lafa sannan ya dawo da ƙarfinsa. A kwanciyarta ta ƙarshe, a wani asibiti da ba sai na kama sunansa ba, wani likita matashi da gajiya ta bayyana a idonsa ya ja ni da Baffa gefe. Cikin Twi gauraye da Turanci ya ce abin da ma'anarsa ita ce, mun yi iyakar yinmu, ku kai ta gida ku ci gaba da addu'a. Ya rubuta mana farasitamol da wani maganin ƙarin jini.

Ban riƙe shi a zuciya ba, na ga layin da ke jiransa. Amma maganarsa rabin gaskiya ce. Abin da ya ƙare a ranar shi ne yunƙurin kashe ciwon. Aikin likita a kan Gwaggo kuwa yana nan jibge: zafin ƙashi, warin gyambo, rashin barci, amai, tsoro. Akwai fanni guda a likitanci da wannan ne aikinsa, wato sauƙaƙa wa wanda ciwonsa ba zai warke ba, da tallafa wa masu jinyarsa. Ni jinyar sassauci nake kiransa. Ra'ayina kuma shi ne mu mutanen zango muna barin 'yan uwanmu suna mutuwa cikin azabar da ake iya ɗaukewa, muna lulluɓe abin da sunan haƙuri, kuma laifin rabawa za mu yi da gwamnati.

Wadda ta kafa tushen wannan fanni wata Baturiya ce, Cicely Saunders, wadda ta yi aikin nas kafin ta zama likita. A 1967 ta buɗe gidan jinya na St Christopher a Landan don masu ciwon ajali. Abin da ta lura da shi, wanda duk tsohuwar da ta taɓa jinya a zango ta sani, shi ne zafin mai irin wannan ciwo ba a jiki kaɗai yake ba. Akwai na jiki, akwai na zuci, akwai na iyali da aljihu, akwai na tsakanin bawa da Ubangijinsa. Gwaggo ta haɗa duka huɗun. Ƙashin bayanta na ci, autarta ba ta yi aure ba, kuɗin haya na tafe, ga kuma wata tambaya da wasu masu dubiya suka dasa mata a rai, wai ko jifa ce aka yi mata a kasuwa.

Kada kuma a ɗauka ƙaramin al'amari ne da ya shafi gida ɗaya. Ƙiyasin hukumar binciken ciwon daji ta duniya na 2022 ya nuna sama da mutum 27,000 ne suka kamu da ciwon daji a Ghana a shekarar, kusan 18,000 kuma suka rasu. Na nono da na hanta da na bakin mahaifa su ne kan gaba, kuma galibin masu zuwa asibiti sai abu ya yi nisa suke zuwa. Na hanta ma ya fi ba ni tsoro a zango, saboda samari masu jini a jika yake ɗauka, yawanci ta hanyar ciwon hanta nau'in B da suka ɗauka tun suna jarirai ba su sani ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum miliyan 56.8 ne ke buƙatar jinyar sassauci kowace shekara a duniya, kuma kashi 14 cikin ɗari kacal ke samu. Mu muna cikin sauran.

Sauƙin Gwaggo ya zo ne ta hanyar da ba mu zata ba. Wata ƙawarta ta zo dubiya tare da 'yarta, ashe 'yar nas ce da ta yi karatun wannan fanni. Ta roƙi kowa ya fita sai ni da Auta. Ta zauna a bakin katifa, kuma ba ta ce "ya jiki" ba, don ta san amsar da za a ba ta. Hannu ta ɗaga. Ta ce, "Mma, in na dunƙule hannu haka, babu ciwo ke nan. In na buɗe yatsu biyar, ciwon da ya fi duk wanda kika taɓa ji a duniya. Yanzu nawa ne?" Gwaggo ta dubi ƙofa ta tabbatar ba kowa. Ta buɗe yatsu biyar. Can kuma ta zaro ɗaya hannun daga cikin mayafi, shi ma ta buɗe.

Auta ta fashe da kuka. Ni kuwa kunya ce ta rufe ni, sati bakwai ina gaishe ta safe da yamma ban taɓa yi mata tambayar da za ta iya amsawa da gaskiya ba.

Nas ɗin ta nuna mana hanya, muka samu ganin likitan fannin, aka rubuta wa Gwaggo mofin na ruwa, maganin kashe zafi mai ƙarfi wanda ake sha ta baki. To a nan ne nawa laifin ya shigo, kuma sai na faɗe shi tunda shi ne laifin mutane da yawa. Na karɓo kwalbar, na kulle ta a kwabata kwana huɗu. Na ce wa Auta sai na yi shawara.

Duk wanda ya zauna a Aboabo ko Asawase ko Sawaba cikin shekarun nan ya san abin da ya firgita ni. Mun ga abin da tramol ya yi wa yaranmu. Wanda hukuma ta amince da shi mai ƙarfin 50 ne da 100, amma abin da ya cika lunguna mai 120 ne da 225 da 250 da ake shigowa da su ta bayan fage, daga baya kuma ga wanda suke kira Red. Mun ga yaro a tsaye yana barci, mun ga mai tuƙa pragya, keken haya mai ƙafa uku, yana farfaɗiya a bakin titi. In maciji ya sari mutum, ko baƙin tsumma ya gani sai ya gudu. Da aka ce mini mofin ya fi tramol ƙarfi, sai na ga kamar an ce in mai da gwaggona 'yar ƙwaya a ƙarshen rayuwarta. Ga kuma maganar da ake yi ƙasa-ƙasa cewa allurar ƙarshe ce, in an fara ba mutum to an sallame shi.

Nas ɗin ba ta yi mini faɗa ba. Ta ce, "Yaya, yaron da ke shan tramol a lungu me yake nema?" Na ce maye. Ta ce, "Mma fa?" Na yi shiru. Sannan ta yi mini bayanin da ya kamata a ce kowane limami da kowace magajiya a zango sun ji shi. Mofin tsohon magani ne, sama da shekara 200 ke nan da aka fara tace shi daga tsiro, yana kuma cikin jerin magungunan da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce bai kamata wata ƙasa ta rasa su ba. Tun 1986 hukumar ta fitar da tsari mai hawa uku na kashe zafin ciwon daji: a fara da irin su farasitamol, in ba su yi ba a hau zuwa matsakaita, in zafi ya yi tsanani a ba da mofin. Da kaɗan ake farawa, a riƙa ƙarawa daidai da zafin, likita ko nas na bibiya. In aka bi wannan hanya ba ya gaggauta ajali, kuma da wuya ƙwarai mai ciwon daji ya zama ɗan maye ta dalilinsa. Abin da ya sa mutane ke ganin kamar shi ke kashewa shi ne, ba a kawo shi sai mutum na gargara, sai a ba shi yau ya cika gobe, a ɗora wa kwalba laifin ciwo.

Daren da muka fara ba ta, na farka wajen ƙarfe uku gabana na faɗuwa, saboda shiru. Na fito ba takalmi na tura ƙofarta. Minshari take yi, baki buɗe, bakin zanin nan yana gefe a bushe.

Abin da na koya a makonnin da suka biyo baya ƙananan abubuwa ne, kuma ƙanƙantarsu ce ta fi ba ni haushi, don babu wanda ya fi ƙarfinmu. Na farko, ba a jiran zafi ya taso kafin a ba da magani. Bisa agogo ake bayarwa, duk bayan awa huɗu, ko tana jin ciwo ko ba ta ji, don a riga shi. Mu kuwa al'adarmu ita ce a daure sai abu ya gagara. Auta ta rubuta lokutan a bayan kalanda, ta sa ƙararrawa a waya. Kwana biyu zuwa uku na farko Gwaggo ta yi ta gyangyaɗi da ɗan tashin zuciya, daga nan suka wuce kamar yadda aka gaya mana. Wanda ba ya wucewa shi ne taurin bayan gida, don haka tun ranar farko ake haɗawa da maganin sassauta ciki. Da nas ta faɗi sunan maganin, Gwaggo ta yi dariyar farko cikin wata biyu, ta ce ai sanamaki ne, dangin filasko, wannan kam ta girmi likita a saninsa.

Sai warin gyambo. Wanda bai taɓa shiga ɗakin mai ciwon nono da ya fashe ba, ba zai gane yadda wari ke raba mutum da mutane ba. Jikoki sun daina shiga. Masu dubiya suna tsayawa daga bakin ƙofa, suna taɓa hanci da gefen mayafi kamar ba da gangan ba, ita kuma tana gani. Mun ƙona turaren wuta har ɗakin ya koma kamar na amarya, abin sai ya haɗu ya ƙara muni. Nas ta sa aka wanke wurin da ruwan gishiri, ta daka ƙwayoyin Flagyl ta barbaɗa a kai, ta rufe. Maganin yana kashe ƙwayoyin cutar da ke kawo warin. Cikin 'yan kwanaki jikarta ƙarama ta koma kwanciya a gefen ƙafarta. Idan numfashi ya yi mata nauyi, a tayar da ita zaune a jingina, a juya mata fanka saitin fuska, in an ɗauke wuta a yi da mafici. A riƙa juya ta don kada gyambon kwanciya ya kama ta. A riƙa jiƙa mata leɓe da goge baki.

Abu biyu suka fi yi mana wuyar karɓa, abinci da ƙarin ruwa. Mu a wurinmu ƙauna tuwo ce. Majinyaci ya ƙi ci, sai a taru a kansa da cokali, "daure ki ƙara loma ɗaya saboda Allah." Alhali jikin da ciwon daji ya ci ƙarfinsa ba ya neman abinci, ɗura kuma amai da wahala take ƙarawa. Haka ƙarin ruwa. In ba a rataya wa mutum leda ba, gani muke ba a yi masa komai ba, har akan kira wani mai kemis ya zo gida ya sa. A kwanakin ƙarshe ruwan nan yakan taru ne a ƙafa da ƙirji, ya ƙara wa numfashi nauyi. Baffa bai yarda da wannan ba har yau, kuma na daina gardama da shi.

Yanzu ga maganar da na san za ta ɓata wa wasu rai. Haƙuri ibada ne, ban musa ba, kuma mun yi imani cewa ciwo yana kankare zunubi. Amma a ina aka ce haƙuri shi ne ƙin magani? Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi umarni da neman magani, shi da kansa ya faɗi cewa kansa na ciwo a jinyarsa ta ƙarshe. Annabi Ayuba, wanda da shi ake buga misalin haƙuri, ya kai kukansa ga Ubangijinsa cewa cuta ta shafe shi. Haƙurin da muke nema daga majinyatanmu sau da yawa namu jin daɗin muke karewa, don mu shiga mu fito ba mu ji abin da zai hana mu barci ba. Mai ciwo ya ce da sauƙi, mai dubiya ya samu ladarsa ya tafi.

Akwai damuwa ɗaya da na ɗauka da muhimmanci, wadda wani malami da nake girmamawa ya kawo mini. Ya ce yana tsoron magani ya gusar da hankalin mutum har ya kasa cikawa da kalmar shahada. Tambaya ce ta gaskiya. Amsar da zan iya bayarwa ita ce abin da idona ya gani. Lokacin da zafi ke cin Gwaggo, ba ta iya haɗa Fatiha, sallolinta sun taru, carbinta na rataye a ƙusa. Bayan an daidaita mata magani ta koma salla a zaune, daga baya a kwance, tana jan carbi tana sauraron tafsiri a rediyo. Azaba ita ma tana gusar da hankali, har ta fi. Kuma in majinyaci ya ce ya fi son a rage masa magani don ya kasance a farke ko da zai ɗan ji zafi, haƙƙinsa ne, masu wannan aiki suna tambaya kuma suna bi. Larurar magani kuwa babi ne da malamanmu suka sani sarai, da shi ake sa wa mutum maganin barci a yi masa tiyata. Abin da ya rage shi ne su faɗe shi a kan mumbari, da Hausa, a Babban Masallaci da ƙananan masallatan lungu.

Sai ɓoye gaskiya. Ranar da likita ya sallame mu, Baffa ya ce kada wanda ya kuskura ya gaya mata, zuciyarta za ta karye. Muka shiga wasan kwaikwayo, muna ce mata an ce ta huta a gida ta yi ƙarfi kafin a ci gaba. Wata rana da dare, bayan ta samu sauƙin magana, ta kira ni da sunan da take kirana, tunda sunan mahaifinta gare ni. Ta ce, "Babana, kun gama ɓoye-ɓoyen? Ni fa na yi wa mata huɗu wanka da irin wannan ciwon. Ɗauko takarda." Ta lissafa mini masu binta da waɗanda take bi, har da mai gawayi. Ta faɗi inda kuɗin adashi na matan layinsu yake, wanda da ta tafi da shi a baki da an yi rigimar da za ta kai gaban sarki. Ta sa aka kira wata ƙanwarta da suka shekara shida ba sa ga maciji, suka rufe ƙofa. Addinin da ya ce kada Musulmi mai abin wasiyya ya kwana biyu ba tare da wasiyyarsa a rubuce ba, ta yaya mabiyansa za su hana mutum sanin cewa lokacin wasiyya ya yi? Ban ce a faɗa wa kowa gatsau ba. Akwai wanda ba ya son ji, akwai wanda zai ce a gaya wa babban ɗansa kawai. Hanyar ita ce a tambaye shi nawa yake son sani, a bar shi ya ja ragamar.

Masu cewa karɓar jinyar sassauci yanke ƙauna ne, su sani ba sai an daina neman waraka ake fara ta ba, tare suke tafiya. A 2010 an buga wani bincike da aka yi a birnin Boston na Amurka kan mutum 151 masu ciwon dajin huhu da ya bazu. Waɗanda aka haɗa musu da wannan kulawa tun farko sun fi samun natsuwa, baƙin cikinsu ya ragu, kuma a tsaka-tsaki sun rayu wata 11.6, sauran kuwa wata 8.9. Bincike ɗaya ba alkawari ba ne, amma ya isa ya rushe zancen cewa sassauci sallama ce. Ko gasa ciwon daji da ake yi da na'ura, wani lokaci zama ɗaya tak ake yi don kashe zafin ƙashi, ba don warkarwa ba.

Kuɗi fa? Ba na son jin cewa talauci ne kaɗai. Na ga abin da muka kashe wa mai maganin rediyo, jarka bayan jarka. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma tsagewar ita ce ranar da asibiti ya ce ku tafi gida ba tare da ya ce ga wanda zai bi ku ba. Na kuma ga abin da muke kashewa bayan rai ya yi halinsa: rumfuna, kujeru, buhunan shinkafa, addu'ar uku, ta bakwai, ta arba'in. 'Yan uwa na Jamus da Amurka da ba a ji ɗuriyarsu ba lokacin da ake neman kuɗin auduga da bandeji, ranar rasuwa sai turo kuɗi ta momo har sai waya ta yi zafi. Ba na hana sadaka. Amma rubu'in kuɗin rumfa da ya isa a ɗauki mai taya Auta kwana.

Auta ita ce ba a magana a kanta. Ta rufe shagon ɗinkinta wata huɗu. Ita ke wanki, ita ke ɗagawa, ita ke tashi ƙarfe biyu da ƙarfe shida. Mu maza muna kan benci a ƙofar gida muna amsa gaisuwa, muna yanke shawarar abin da za a ba majinyaciyar da ba mu taɓa canja wa zani ba. Ni da na kulle kwalba kwana huɗu, ba ni ke kwana a ɗakin ba.

Rabon gwamnati a laifin shi ne nisa. Asibitin Korle Bu a Accra ya fara wannan aiki a 2012, asibitin Komfo Anokye a nan Kumasi shi ma yana da masu yinsa, ana kuma horar da nas-nas a fannin. Amma 'yan ƙalilan ne, kuma sun taru a manyan asibitoci, alhali mai ciwon yana kwance a lungun da mota ba ta shiga, ko a ƙauyen da ya koma don ya mutu kusa da dangi. Wani kwamitin masana da mujallar Lancet ta kafa ya bayyana a 2017 cewa rabin mutanen duniya mafi talauci ba sa samun ko kashi ɗaya cikin ɗari na mofin da danginsa da ake rabawa a duniya. Ba tsada ce ta jawo ba, garin mofin yana da araha. Tsoro ne da tarin ƙa'idoji da rashin horo. Yaƙi da tramol wajibi ne, amma in aka yi shi da makanta, ɗan lungu zai ci gaba da samun nasa ta bayan fage, tsohuwa mai ciwon ƙashi ce za ta rasa nata ta ƙofar gaba.

Yuganda ba ta fi mu arziki ba. Wata likita, Anne Merriman, ta fara aikin a Kampala a 1993, tana haɗa mofin na ruwa mai araha. A 2004 ƙasar ta ba nas-nas da aka horar izinin rubuta shi, saboda ta san likitoci ba za su kai ko'ina ba. A jihar Kerala ta Indiya kuwa unguwanni ne suka ɗauki abin a kansu, 'yan sa-kai suna bin gidajen marasa lafiya tare da nas, kuma gundumar Malappuram da tsarin ya yi ƙarfi tun farkon shekarun 2000 galibin mutanenta Musulmi ne. Wannan na biyun ya fi tsaya mini a rai, don abin da suka gina a kai muna da shi har ya yi yawa. Zango ba ya rasa mutane. Muna da ƙungiyoyin mata masu fitar da ankon biki cikin sati guda, muna da kwamitocin masallaci, muna da samarin da ke haƙa kabari a Tafo ba a biya su ko sisi. A ce kowane masallacin Juma'a ya tura mutum biyar, mata uku maza biyu, a koya musu wankin gyambo da juya majinyaci da gane lokacin da za a kira nas. A ce nas-nas ɗin unguwa da ke zagayen awo da rigakafi an ƙara musu wannan horo. A ce katin inshorar lafiya yana biyan ziyarar gida, asusun da gwamnati ta kafa a 2025 don cututtuka masu cin kuɗi kuma ya ware wani abu don waɗanda ba za su warke ba. Majalisar Lafiya ta Duniya ta amince tun 2014 cewa wannan kulawa ɓangare ce ta kiwon lafiya tun daga matakin farko, ba alfarma ake roƙo ba.

Gwaggo ta yi sati tara bayan daren minsharin nan. A ciki ta sa aka kawo mata kokon wadda ta gaji wurinta a bakin titi, ta kurɓa sau biyu ta ce citta ta yi kaɗan, a gaya mata. Ta cika ranar wata Alhamis bayan la'asar, kanta a cinyar Auta, ƙanwar nan tata tana laƙƙana mata kalma tana amsawa a hankali.

Bayan addu'ar bakwai na ɗauki ragowar kwalbar na mayar, kamar yadda aka ce mu yi. Nas ta karɓa ta rubuta a littafi. Har na juya ta ce, "Yaya, kana da awa ɗaya? Akwai wani yaro a Sawaba, hanta ce, cikinsa ya kumbura. An rubuta masa tun shekaranjiya, mahaifinsa ya kulle a akwati. Ni mace ce kuma yarinya, ba ya saurarona." Na ce mata bari in yi alwala. Muka tsayar da pragya a bakin titi.